Haɗa Magani da Ƙwayoyin Ƙari a Jinyar Amosanin Gwiwa: Me Gwaje-gwaje Suka Nuna?

Tsakure

Wannan takarda ta bi diddigin manyan gwaje-gwajen da aka yi daga 2001 zuwa 2024 kan haɗa magunguna biyu, ko haɗa magani da ƙwayoyin ƙari irin su gulukosamin da kondiroyitin, wajen jinyar amosanin gwiwa. Hujjarta ita ce haɗi yana biyan buƙata ne idan na biyun ya zo da aikin da na farkon ba ya yi. Idan kuwa aikinsu ɗaya ne, illa ce ke ninkuwa, sauƙin da ake nema kuma da ƙyar yake motsawa. Takardar ta kuma duba abin da hakan ke nufi ga majinyacin da ke sayen maganinsa a kemis a ƙasar Hausa.

Gabatarwa

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin wanda zaizayar guringuntsi ke jawowa, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa ciwon ya kama su. Kusan kashi 73 cikin ɗari sun haura shekara 55, kashi 60 kuma mata ne. Wani ƙiyasi da mujallar Lancet Rheumatology ta buga a 2023 ya ce adadin zai doshi biliyan ɗaya nan da 2050. A ƙasar Hausa ba sai an ɗauko alƙalami ba kafin a gane yawansa. Kujerun roba da ke ƙaruwa a gefen sahu a masallatai sun isa shaida.

Guringuntsin da ke lulluɓe kan ƙasusuwan gwiwa ba shi da jijiyar jini, ba shi kuma da jijiyar da ke kai saƙon zafi. Saboda haka idan ya zaizaye ba ya tofowa kamar yadda fata ke yi, kuma zafin da majinyaci ke ji daga wasu wurare yake fitowa: ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsin, da tantanin da ke kewaye da gaɓar idan ya kumbura, da jijiyoyi da tsokar da ke riƙe da ita, wani lokaci har da lakka da ƙwaƙwalwar da suka daɗe suna karɓar saƙon ciwo har suka koma suna kambama shi. Shi ya sa likita zai ga hoton gwiwa ya lalace ƙwarai, mai ita kuwa yana zuwa gona, ya ga wani hoton da dama-dama, mai ita ba ta iya barci.

Har yau hukumomin magunguna na Amurka da Turai ba su amince da wani magani a matsayin mai mayar da guringuntsi yadda yake ba. Abin da ke akwai shi ne rage zafi. To, ciwon da ba ya warkewa, ga shi yana hana mutum sujada, dole mai shi ya riƙa ƙari a kan ƙari: likita ya rubuta ɗaya, mai kemis ya ɗora biyu, ɗa ya aiko da kwalba daga Ingila ko Saudiyya, maƙwabciya ta kawo gari a ƙullin leda. Tambayar da ya kamata masana su amsa ita ce wane haɗi ne aka gwada, kuma me ya fito.

Gulukosamin da kondiroyitin: shekara ashirin ana jayayya

Tunanin da ya haifi waɗannan ƙwayoyi yana da daɗin ji. Jiki yana amfani da gulukosamin wajen gina sinadaran da ke cikin guringuntsi, kondiroyitin kuma ɓangare ne na guringuntsin kansa, shi ke taimaka masa riƙe ruwa. Sai aka ce idan mutum ya haɗiye su, ai zai ba gwiwa kayan gyara. Yawancin gulukosamin da ke kasuwa daga ɓawon jatan lande da ƙaguwa ake fitar da shi, kondiroyitin kuma daga guringuntsin shanu ko alade ko kifin shak. Wannan batu na asali ya shafi Musulmin da ke sayen kwalba ba tare da ya karanta jikinta ba, ya kuma shafi duk wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande.

Kasuwar ta ƙara bunƙasa bayan da Jean-Yves Reginster na Liyej a ƙasar Beljiyam ya buga sakamakon gwajinsa a Lancet a 2001. Ya bi majinyata 212 tsawon shekara uku, ya ba da rahoton cewa ratar da ke tsakanin ƙasusuwan gwiwa ba ta tsuke ba a wurin masu shan miligiram 1,500 na gulukosamin salfet kullum, yadda ta tsuke a wurin sauran. Kamfanin Rottapharm na Italiya, mai yin ƙwayar, shi ya ɗauki nauyin aikin.

Gwamnatin Amurka ta ga jama'arta na kashe maƙudan kuɗi a kan waɗannan ƙwayoyi, sai Cibiyoyin Lafiya na Ƙasa suka ɗauki nauyin gwajin da aka fi sani da GAIT, ƙarƙashin jagorancin Daniel Clegg na Jami'ar Yuta. An ɗauki majinyata 1,583 a cibiyoyi 16, aka kasa su gida biyar. Wasu suka sha gulukosamin miligiram 1,500 a rana, wasu kondiroyitin miligiram 1,200, wasu duka biyun, wasu selekoksib miligiram 200, wanda sanannen maganin kumburi ne, sauran kuma aka ba su ƙwayar wofi mai kama da magani sak amma babu komai a cikinta. Majinyaci bai san me yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba. An auna zafi da ma'aunin WOMAC, jerin tambayoyi 24 da aka tsara a Kanada kan zafi da sandarewa da iya hidimar yau da kullum. Wanda zafinsa ya ragu da kashi 20 cikin ɗari bayan mako 24, shi ne aka lissafa ya sami sauƙi.

Sakamakon ya fito a New England Journal of Medicine a Fabrairun 2006. Masu selekoksib, kashi 70.1 sun sami sauƙi. Masu haɗin ƙwayoyin biyu kashi 66.6, masu kondiroyitin kaɗai 65.4, masu gulukosamin kaɗai 64.0. Masu ƙwayar wofi kuwa kashi 60.1. A lissafin masana, selekoksib ne kawai ya tsere wa ƙwayar wofi da ratar da ba za a ce dace ba ce. Amma adadin da ya fi cancantar a tsaya a kansa shi ne na ƙarshen nan: mutum shida cikin goma sun ji sauƙi da ƙwayar da babu komai a cikinta. Ciwon gwiwa yana tashi yana kwantawa, mutum kuma yakan nemi magani ne ranar da ciwon ya kai maƙura, don haka duk abin da ya sha a ranar zai karɓi yabon sauƙin da dama yana tafe. Ga kulawar ma'aikatan gwaji, ga kyakkyawan zato. Hajiyar da ta rantse cewa kwalbar da ɗanta ya aiko ta yi mata aiki ba ƙarya take yi ba. Sauƙin ta ji shi. Abin da ba za ta iya tantancewa ba shi ne daga ina ya fito.

Da a nan labarin ya tsaya da an huta. Sai dai a cikin rahoton akwai wani rukuni na mutum 354 waɗanda ciwonsu ya fi tsanani, kuma a cikinsu kashi 79.2 na masu shan haɗin sun sami sauƙi, masu ƙwayar wofi kuma kashi 54.3. Masu talla suka yi caraf da wannan adadi, har gobe da shi suke cin kasuwa. Marubutan rahoton da kansu sun ja kunne cewa rukunin ƙarami ne, sakamakon na buƙatar tabbaci. Akwai ma abin da ke sa shakka: a wannan rukuni selekoksib, wanda kowa ya san yana aiki, bai tsere wa ƙwayar wofi da ratar da lissafi zai amince da ita ba. Da aka ci gaba da bin wani sashe na majinyatan har shekara biyu ana ɗaukar hoton gwiwoyinsu, rahoton 2008 bai ga bambanci mai ƙarfi a tsukewar gaɓa ba.

A 2010 ayarin Peter Jüni na Jami'ar Ban a Suwizalan ya tattara manyan gwaje-gwaje goma, majinyata 3,803, ya buga a mujallar BMJ. A ma'aunin zafi mai tsawon santimita 10, sun ɗauki 0.9 a matsayin mafi ƙarancin bambancin da majinyaci zai lura da shi. Gulukosamin ya ba da 0.4, kondiroyitin 0.3, haɗinsu 0.5. Sun kuma lura cewa gwaje-gwajen da kamfanoni suka biya sun fi nuna amfani a kan waɗanda ba ruwan kamfani a ciki.

Daga nan aka sami gwaji biyu a Turai waɗanda, idan aka ajiye su gefe da gefe, suna koyar da yadda ake karanta rahoton bincike. Na farko shi ne MOVES, wanda Marc Hochberg ya jagoranta, kamfanin Bioibérica na Basalona ya ɗauki nauyi. Majinyata 606 masu ciwo mai tsanani a Faransa da Jamus da Folan da Sifaniya, rabi suka sha haɗin ƙwayoyin biyu, rabi selekoksib, tsawon wata shida. Zafi ya ragu da kashi 50.1 a ɓangaren haɗin, 50.2 a ɓangaren selekoksib. Kanun labarai suka ce ƙwayoyin ƙari sun yi kunnen doki da maganin likita. Amma babu rukunin ƙwayar wofi a wannan gwaji, kuma duk wanda ya shiga ya san tabbas abin da yake haɗiya ana sa ran yana aiki. Bayan abin da GAIT ya nuna, wannan giɓi ba ƙarami ba ne.

Na biyun ya cike giɓin. Jorge Roman-Blas da abokan aikinsa a Sifaniya suka gwada haɗin da ƙwayar wofi a kan majinyata 164, suka buga a 2017. An tsayar da gwajin tun kafin a kai adadin da aka yi niyya, saboda binciken tsakiyar zango ya nuna zafin masu ƙwayar wofi ya ragu da kashi 33, na masu haɗin kuwa kashi 19.

Don a yi adalci, akwai gwajin LEGS na Ostireliya, wanda Marlene Fransen ta jagoranta da kuɗin gwamnati, majinyata 605, shekara biyu. Masu shan haɗin, tsukewar gaɓarsu ta gaza ta masu ƙwayar wofi da milimita 0.10, kwatankwacin kaurin fallen takarda ɗaya. A zafi kuwa babu bambanci. Akwai kuma binciken Christopher Jackson na 2010, wanda ya auna jinin mutane ya ga cewa idan aka sha su tare, gulukosamin da ke isa jini yana raguwa. Wato ko da a ce gulukosamin yana da ɗan amfani, abokin tafiyarsa yana rage masa hanya.

Ƙungiyoyin masana sun rabu, amma rabuwar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba. Ƙungiyar likitocin gaɓɓai ta Amurka, a jagorarta ta 2019, ta hana amfani da gulukosamin da kondiroyitin a ciwon gwiwa da kakkausar murya. Hukumar NICE ta Ingila, a jagorarta ta Oktoban 2022, ta ce kada likita ya rubuta gulukosamin. Ƙungiyar ESCEO ta Turai, wadda Reginster ke cikin jagororinta, ita ce ke goyon bayansu, sai dai goyon bayan nata ya taƙaita ne ga nau'in da aka sarrafa bisa ƙa'idar magani, wanda likita ke rubutawa, ba kwalaben kanti ba. Ko ita ma ba ta ba da shawarar haɗa biyun ba. Ra'ayin wannan takarda shi ne kwalbar haɗin da ake sayarwa a manyan kemis na Kano da Abuja da tsada ba ta da mai tsaya mata a cikin waɗannan ƙungiyoyi uku.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: a GAIT da MOVES babu rukunin da ya sha selekoksib tare da ƙwayoyin ƙari. An gwada wannan ne a madadin wancan. Majinyaci kuwa a gida tare yake shan su.

Idan aka haɗa magungunan likita biyu

A nan hujja ta fi fitowa fili. Michael Doherty na Jami'ar Notingam ya gwada farasitamol da ibufurofen, kowanne shi kaɗai da kuma a haɗe, a kan mutum 892 masu daɗaɗɗen ciwon gwiwa, tsawon mako 13, ya buga a 2011. Haɗin ya ɗan fi farasitamol kaɗai rage zafi, amma bai yi wa ibufurofen kaɗai wata rata ta a zo a gani ba. Da aka auna jini sai wani abu ya bayyana. Kusan kashi 20 na masu shan ɗaya daga cikin magungunan sun yi asarar akalla giram ɗaya na himogulobin a kowace desilita, alamar jini na tsiyaya a hanji ba a sani ba. A wurin masu shan cikakken haɗin adadin ya kai kashi 38. Ga dattijuwar da dama jininta bai cika ba, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Haka aka gani a gwajin Lee Simon na 2009 mai majinyata 775, inda aka kwatanta diklofenak na shafawa da na sha da kuma haɗinsu tsawon mako 12. Na shafawa shi kaɗai ya yi aiki daidai da na sha, kuma bai dami ciki ba kamarsa, domin abin da ke ratsa fata ya shiga jini ɗan kaɗan ne. Haɗa su bai ƙara sauƙi a kan na sha kaɗai ba, sai ƙarin zubar jini ta dubura da alamun wahalar ƙoda a gwajin jini. Irin wannan dalili ne ya sa NICE da ƙungiyar Amurka suka sa maganin shafawa a sahun gaba ga gwiwa, musamman ga tsofaffi. Gwiwa tana kusa da fata, ba kamar ƙugu ba.

Dalilin a bayyane yake. Ibufurofen da diklofenak da firoksikam da nafuroksen duk dangi ɗaya ne, duk suna toshe sinadarin da jiki ke yin furostagilandin da shi. Furostagilandin ke hura wutar kumburi, amma shi ne kuma ke kare bangon ciki daga ruwan tsami, shi ke buɗe hanyar jini zuwa ƙoda. Idan ƙwaya ɗaya ta riga ta toshe hanyar kumburi, ta biyu ba ta da sauran aiki a gwiwa, sai a ciki da ƙoda. Wannan shi ne babban aibin abin da ake kira haɗi a ƙananan kemis, inda mutum zai ce a ba shi maganin gajiya ko na sanyin ƙashi, a ɓallo masa ƙwayoyi huɗu ko biyar masu launi daban-daban a ƙulle a leda, babu suna babu awo. Ba abin mamaki ba ne a tarar biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, ta ukun kuma deksametazon ko furedinisolon.

Haɗin da ya ci jarrabawa shi ne wanda na biyun ya zo da nasa aiki. Ƙwayar kare ciki irin omefurazol ba ta rage zafin gwiwa ko kaɗan, amma tana rage gyambon ciki da maganin kumburi ke jawowa, har NICE ta ce duk wanda za a ba maganin kumburi na sha a haɗa masa da ita. Duloksetin kuma, wanda asalinsa maganin ciwon damuwa ne, yana aiki a kan hanyar da saƙon zafi ke bi a lakka da ƙwaƙwalwa. A gwajin da kamfanin Eli Lilly ya yi a kan mutum 524 waɗanda maganin kumburi bai wadatar da su ba, aka buga a 2011, ɗora duloksetin ya fi ɗora ƙwayar wofi rage zafi cikin mako goma, ko da yake ya zo da tashin zuciya da bushewar baki da jiri, kuma ba a daina shi farat ɗaya.

Akwai ƙwaya mai suna Arthrotec wadda ta haɗa diklofenak da misofurostol don kare ciki, kuma ana samunta a Najeriya. Tunanin daidai ne, amma misofurostol yana zubar da ciki. A gidan da ake aron magani tsakanin uwar miji da matar ɗa, wannan gargaɗi ya kamata ya fito daga bakin mai sayarwa.

Tiramadol kuwa, wanda Arewa ta san ɓarnarsa ta wata fuskar, bitar Cochrane ta 2019 ta nuna amfaninsa a amosanin gaɓɓai bai taka kara ya karya ba, illarsa ce ta fi yawa.

Haɗin da ba a yi niyya ba

Mai amosanin gwiwa yawanci dattijo ne, kuma da wuya gwiwar ce kaɗai ke damunsa. Hawan jini da ciwon suga sukan riga ta zuwa. Francesco Lapi da abokan aikinsa na Jami'ar Makgil ta Kanada sun duba bayanan majinyata 487,372 masu shan maganin hawan jini a Birtaniya, suka buga a BMJ a 2013. Wanda ke shan maganin sa fitsari tare da dangin lisinofiril ko losatan, sannan ya ɗora maganin kumburi, haɗarin ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya ya ƙaru da kashi 31. A kwana 30 na farko ƙarin ya kai kashi 82. Waɗannan alƙaluma daga ƙasa mai sanyi suka fito. Sai a auna lamarin mai azumi a zafin Afrilu a Sakkwato ko Damagaram, jiki ya bushe, ya sha ruwa da ƙwayoyin nan uku.

Ibufurofen yana iya tare wa asfirin hanya, ya hana shi aikin kare zuciya, kamar yadda wani bincike na 2001 a New England Journal of Medicine ya nuna. Hukumar magunguna ta Turai ta hana ba masu tabbataccen ciwon zuciya diklofenak tun 2013. Gulukosamin, wanda ake ɗauka ba ya cutarwa, yana ƙara wa wafarin, maganin hana daskarewar jini, ƙarfi har jini ya yi ruwa fiye da kima, hukumar magunguna ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan haka.

Mafi muni shi ne haɗin da aka yi wa majinyaci a ɓoye. A 2022 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yi ta gargaɗi kan ƙwayoyin Artri King da Ortiga, waɗanda ake sayarwa a matsayin ƙwayoyin ƙari na ciwon gaɓɓai. Gwajin ɗakin bincike ya gano diklofenak da deksametazon a cikinsu, ba a rubuta a jikin kwalba ba. Shekara goma kafin nan an kama Reumofan Plus da irin wannan laifi. Mai shan irinsu zai ji sauƙi nan take, ya yi ta yi wa abokai talla, har fuska ta kumbura, suga ya hau, ƙashi ya yi rauni. Idan kuma ya daina kwatsam jikinsa na iya rikicewa, domin ƙullin da ke saman ƙoda ya daina yin nasa sinadarin. Dokar Amurka ta 1994 ba ta tilasta wa mai yin ƙwayar ƙari ya tabbatar tana aiki kafin ya kai ta kasuwa ba. A Najeriya ma lambar NAFDAC a jikin maganin gargajiya ba shaidar yana warkarwa ba ce, jikin kwalbar kan ɗauki bayanin cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin mai shi ba. Duk ƙwayar ƙarin da ta kashe ciwon gwiwa cikin kwana ɗaya ta cancanci a tuhume ta.

Gangamau da sauransu

Gangamau ya fi takwarorinsa abin nunawa, ko da yake gwaje-gwajensa gajeru ne. A Tailan an kwatanta ruwansa da aka tace da ibufurofen a kan mutum 367 tsawon mako huɗu, rahoton 2014 ya ce sun yi kusan daidai. A Tasmaniya gwajin 2020 mai mutum 70 ya nuna ya fi ƙwayar wofi da maki 9 cikin 100 bayan mako 12, amma hoton gwiwa bai nuna kumburi ya ragu ba. Ƙwayar da aka tace ta sha bamban da garin da ake barbaɗawa a girki, kuma an sami rahotannin ciwon hanta daga irin wadda aka haɗa da sinadarin baƙin yaji don ta fi shiga jini, har hukumar magunguna ta Ostireliya ta yi gargaɗi a 2023. Ƙaron bishiyar Boswellia serrata ta Indiya shi ma yana da ƙananan gwaje-gwaje masu ƙarfafa gwiwa. Hano, ko ararraɓi, ɗan'uwanta ne na jini, amma waɗancan gwaje-gwaje a kan ta Indiya aka yi su, ga fili nan ga sassan harhaɗa magunguna na jami'o'in Zariya da Kano da Yamai.

Bitamin D bai yi komai ba a gwajin shekara biyu na Ostireliya mai mutum 413 da JAMA ta buga a 2016, duk da cewa an zaɓi waɗanda bitamin ɗin ya yi ƙaranci a jikinsu. Man kifi mai yawan awo bai fi mai ƙaramin awo ba.

Haɗin da babu ƙwaya a cikinsa

Gwajin IDEA na Stephen Messier a Jami'ar Wake Forest ta Amurka, wanda JAMA ta buga a 2013, ya ɗauki mutum 454 masu ƙiba, 'yan shekara 55 zuwa sama. Wasu suka rage abinci, wasu suka motsa jiki, wasu suka haɗa biyun, tsawon wata 18. Masu haɗin sun sauke kimanin kilo 10.6, kuma sun fi rukunan biyu raguwar zafi da iya hidima. Rage abinci yana sauke kaya, motsa jiki yana ƙarfafa tsokar cinya mai riƙe gwiwa, kowanne da aikinsa. Messier ɗin ne ya auna tun 2005 cewa duk kilo ɗaya da mutum ya sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. A 2024 gwajin STEP 9 ya bi ta wata ƙofar ya iso wuri ɗaya: an gwada allurar semagulutayid a kan majinyata 407 masu ƙiba, waɗanda suka karɓe ta suka rasa kashi 13.7 na nauyinsu cikin mako 68, zafinsu ya sauka da maki 41.7, masu allurar wofi kuma 27.5. Kuɗinta ya fi ƙarfin yawancin majinyata a Najeriya da Nijar, kuma nauyi kan dawo idan aka daina.

Babu ɗaya daga cikin gwaje-gwajen da aka ambata a nan da aka yi a ƙasar Hausa. Yawancin majinyatansu ba sa zama a tabarma, ba sa tsuguno a bayan gida, ba sa durƙusa sau da yawa a rana, kuma akwai mai auna musu ƙoda da jini a kan kari. Inda wannan kulawa ta yi ƙaranci, haɗarin haɗin magunguna zai fi abin da rahotannin suka nuna. Matakin da kowane asibiti zai iya ɗauka ba tare da kashe ko sisi ba shi ne a ce wa mai ciwon gwiwa ya zo da duk abin da yake sha a leda ɗaya, na asibiti da na kemis da na tsaraba da na gargajiya, a baje a kan tebur. Likita ko mai harhaɗa magani ya ware 'yan gida ɗaya ya bar guda, ya duba ko akwai maganin sa fitsari da lisinofiril a ciki, ya tambayi kuɗin da kwalbar gulukosamin ke ci a wata, sannan ya lissafa wa majinyacin man shafawa da sanda da zuwa wurin likitan gashin ƙashi nawa wannan kuɗi zai biya.